Makarafon Ta Rasa Murya a Gondar

Tun ranar da na dawo daga Habasha ban sayar da gyaɗa cikin kwanciyar hankali ba. Mace za ta zo sayen kantun riɗi, sai ta ja kujerata ta zauna: "Kaltuma, wai da gaske ɗanyen nama suke ci? Wai da gaske kin fasa katako da hannu? Wai da gaske Kawunki ya sa wandonki?" Wallahi na gaji. Yau zan faɗa sau ɗaya, daga tashi har dawowa, wadda ta ƙara tambayata bayan wannan sai ta sayi kwano guda kafin in buɗe baki. Maganar wando kuwa ku yi haƙuri, za mu zo wurin.

Don waɗanda ba su san tushen abin ba, ni ce wadda kasuwar Gadarif ke kira Makarafon. Ban zaɓi sunan ba, ban kuma yi jayayya da shi ba. In na tashi faɗa a layin 'yan gyaɗa, mahauta ajiye wuƙa suke yi su saurara daga nasu layin. To, wata shekara wata Bahabashiya siririya mai suna Tigist ta zo ta kafa kayan jabanarta, wato gahawa, a inuwar bishiyar nim ɗin da nake zama. Na ce ta tashi. Ta ce inuwar ta ishe mu mu biyu. Na kai mata hannu. Har yau ban san abin da ya faru ba. Na dai ga ganyen nim, na ga sama, na ga fuskarta a kaina tana tambayata da Larabci ko ina son jabanata da citta.

Na sha jabanar. Bayan 'yan kwanaki na koma na ce ta koya mini.

Sunan wasan tekwando, amma a unguwarmu duk wanda ya ɗaga ƙafa karate yake yi, don haka mu bar shi a karate. A tsakar gidana muke yi bayan la'asar. Da farko ni kaɗai ce, daga baya mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu sayar da shayi a tasha, waɗanda kowane direba yake ganin yana da izinin ja musu mayafi. Akwai masu tafiya yankan riɗi a manyan gonaki, suna kwana a bukka a tsakiyar baƙin maza. Akwai kuma wata mai shiru-shiru da mijinta ke da saurin hannu, wadda ba zan faɗi sunanta ba don tana jina yanzu. Maigidana, telan nan da kuka sani, shi ya ɗinka mana fararen riguna da wanduna da yadin damuriya, yana ɗinki yana dariya.

Amma kun san zamanin da muke ciki. Mace ta fita da wando, bulala ce. Katangar gidanmu ta zana ce, maƙwabcinmu kuwa ba shi da sana'ar da ta wuce saurare. Shi kuma wasan nan, duk bugun ƙarshe da tsawa ake sakinsa. Sai Tigist ta ce mu cire tsawar. Mu kunna rediyo, ɗaya ta riƙa daka a turmi don ɓoye ƙarar ƙafa, in mun kai bugu mu ce "tss" tsakanin haƙora. Shekara da shekaru muna "tss". Maƙwabcin har ya taɓa tambayar maigidana wai me ya sa a gidanmu ba a gama daka.

Da Tigist ta tashi komawa garinsu Gondar, ta riƙe hannuna a gaban matan ta ce, "Ya Kaltuma, na bar miki su shekara ɗaya. Ki zo wurin malamina ki ci baƙar ɗamara, ajin ya zama naki. In ba ki ci ba, ki rufe. Wadda ba a gwada ta ba, ba ta koya wa mutane bugun maƙogwaro. Wata rana za ki kashe 'yar mutane." Na yi mata alkawari, kuma da sunan Allah na yi shi, saboda bakina kullum yana riga hankalina isa wuri. Shi kuwa maigida ya auna wandona da ido, ya ce in na faɗi zai fitar da rigunan matashin kai masu kyau a ciki, har da saura.

Abin da ya kai ni Habasha ke nan. Ko in dawo da ɗamara, ko in sallami matan nan su koma yadda suke a da.

Mace ba ta ƙetare iyaka sai da muharrami, maigida kuma ɗinkin babbar Sallah ya binne shi har wuya. Sai aka aika Ƙala'at an-Nahal aka ɗauko Kawu Isiyaku, yayan mahaifiyata, wanda a gonarsa na tashi. Waɗanda suka san shi sun san shi: dogo, siriri kamar karan dawa, ga sanda, ga ra'ayi a kan komai. Ya ce shi dai a ganinsa wannan abin hauka ne tsagwaronsa, amma ya ji zumar Habasha tana maganin gwiwa, don haka zai daure.

Muka hau motar Gallabat da sassafe. Aka cusa ni tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji, Kawu kuwa ya samu gefen taga saboda furfura. Bayan mun wuce Doka sai gonaki, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, tsuntsayen jan-baki na tashi suna sauka yadda suka ga dama. Kawu ya hango wata rumfar tsaro a tsakiyar gona, babu kowa a kanta, ya buga sanda a ƙasan mota.

"Dubi! Ba kowa a kai. Yaran yanzu! Ke da kina kan tawa rumfar, jan-baki ko ɗaya bai isa ya sauka ba. Daga Hawata ake jin ki."

Na ce, "Kawu, ai ku kuka sauko da ni."

Ya ce, "Girma kika yi. Budurwa ba ta ihu a daji."

Ya mayar da fuska taga, ni ma na mayar da tawa kan kaji. Maganar ta tsaya nan.

A Gallabat, bakin iyaka, aka ce kowa ya buɗe kayansa a kan wani dogon tebur. Mai binciken saurayi ne mai ladabi, gemunsa a gyare. Ya ɗaga gyaɗa, ya ɗaga kantu, ya ɗaga mayafai, sai hannunsa ya faɗa kan wandon. Ya zaro shi, ya buɗe shi da hannu biyu, hannuwan nasa suka ƙare wandon bai ƙare ba. Sajami! Na shiga uku.

"Da hag minu? Na wane ne wannan?"

Kafin in haɗiye yawu Kawu ya ce, "Haggi. Nawa ne."

Saurayin ya dubi wando, ya dubi Kawu, ya sake duban wando. "Ya hajj, ai mutum uku irinka za su shiga nan su yi hira."

Kawu ya saki wata ajiyar zuciya da ni kaina na kusa yarda. Ya ce, "Ɗana, da ka gan ni kafin ciwo ya kama ni, da ka miƙe tsaye. Ina yawo da shi ne don in riƙa tuna ni'imar Allah."

Wallahi yaron nan da hannunsa ya ninke wandon, yana "Salamtak, ya hajj, salamtak, Allah ya mayar maka da jikinka." Kawu ya amsa da amin mai tsawo, yana ɗingishi da ƙafar da ba ta ciwo.

Iyakar kanta wata 'yar gada ce a kan busasshen rafi, akuya ma ƙetarewa take yi ba wanda ya tambaye ta takarda. Amma kana taka ɗaya gefen, Matamma, ka san ka bar gida. Kiɗa ta ko'ina, 'yan mata da wando suna ta harkarsu ba mai ko kallonsu, sai Kawu. Yana ta istigfari, wuyansa kuma yana ta juyawa. Na ce, "Kawu, ku bi a hankali, za mu koma neman zumar wuya." Ya ce yana kallo ne don ya san abin da zai yi wa addu'a.

Muka sauka a wata lokanda, wato masaukin baƙi, da wata mata mai jin Larabci ke riƙe da ita. Kawu ya ce muna son gado biyu. Matar ta ja numfashi ciki da ƙarfi, "hah!", kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Kawu ya ce muna son ruwan alwala. Ta sake, "hah!" Ya ce muna son sanin motar Gondar. "Hah!" Sai Kawu ya raɗa mini, "Baiwar Allah nan shaƙuwa ke damunta." Kun san maganin shaƙuwa a wurinmu, a firgita mutum da ƙage. Kafin in riƙe shi ya nuna ta da sanda ya ce, "An ce ke kika saci akuyar maƙwabta!"

Ya salam! Matar nan ta tashi da tsintsiya. Allah ya taimake mu da wani ɗan kasuwar albasa mutumin Fau yana zaune yana shan shayi, yana dariya har da hawaye ya shiga tsakani. Shi ya bayyana mana cewa haka mutanen nan suke cewa e. Mu muna fitar da e ɗinmu waje, su shaƙe nasu suke yi ciki. Sai da na ba matar kantu mai yawa kafin ta yarda cewa tsohon nan magani yake mata.

Ba ta manta ba dai, ina zargi. Ta ce mana mota na tashi ƙarfe goma sha biyu, ba ta ƙara ko kalma ba. Muka yi sallar asuba muka koma muka miƙe ƙafa, muka karya a tsanake, muka isa tasha da hantsi muna taƙama mun yi sammako. Mota ta tafi tun fitowar rana. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙidayar agogo, sha biyunsu shidan safenmu ce. Kawu ya ɗaga agogon hannunsa yana nuna wa duk wanda ya wuce, yana cewa ƙasa guda ta haɗa baki ta ƙaryata shi. A ƙarshe wata ƙaramar mota muka samu, ni da shi da buhunan gawayi.

Hanyar nan ba zan yaba mata ba. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, dutsen da muka sani ana zagaye shi ne. Su kuwa hawa suke yi, su hau, su ƙara hawa, rami a gefenka har ba ka ganin ƙarshensa. Kunnuwana suka toshe. Kawu ya karanta duk surorin da ya sani, suka ƙare, ya sake daga farko. Sanyi kuma ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, irin wanda ban taɓa ji ba a rayuwata.

Tigist ta tarye mu a tashar Gondar. Ta yi ƙiba kaɗan, tana sanye da wando a tsakiyar titi abinta. Muka rungume juna, na ji hawaye na neman zubo mini, sai na ce mata ta yi muni don kada ta gani. Ta kai mu gidan mahaifiyarta aka ba mu ɗakuna.

Yanzu abinci, tunda shi kuka fi tambaya. Injerarsu kisrarmu ce, wainar nan mai faɗi, da ta kwana uku ta yi tsami ta yi kauri, an shimfiɗa ta a faranti ɗaya, an ɗiɗɗiga miya kala-kala a kai. Ranar da muka isa Laraba ce, ranar azuminsu, ba nama ba man shanu, sai wake da ganye, don haka Kawu ya huta da binciken wanda ya yi yanka. Ɗanyen nama kuwa e, na gani da idona a kasuwa, ana yanka ana dangwala a barkono ana kaiwa baki, ni dai ban ci ba, kuma wadda ta ce na ci ta zo ta faɗa a gabana. Jabanarsu da turaren wuta kamar tamu, amma ba citta, wasu ma gishiri suke sawa, Allah ya shirye su.

Abin da ya girgiza Kawu shi ne, muna cikin ci sai kawun Tigist, wani tsoho mai faɗin kafaɗa, ya naɗe loma ƙatuwa ya nufo bakin Kawu da ita. Kawu ya ja da baya. Tigist ta ce girmamawa ce, ba a ƙi. Kawu ya buɗe baki yana zare ido, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Tun da aka yaye ni ba a yi mini wannan ba." Sai ya naɗe tasa da ta ninka waccan, ya cika ta da barkono, ya ɗura wa tsohon. Tsohon ya yi hawaye, ya rama. Kafin a ɗauke faranti sun zama aminai, ba wanda ke jin yaren wani.

Washegari zan tafi wurin horo na farko, na zazzage jaka, ga riga, ba wando. Na duba ƙarƙashin gado, na duba igiyar shanya. Sai na ga Kawu zaune a rana yana shan shayi, farin yadi na leƙowa ta ƙasan jallabiyarsa, an naɗe shi ninki-ninki a idon sawu.

"Kawu!"

Ko gezau. Ya ce, "Na gaya wa hukuma nawa ne. So kike in zama maƙaryaci da tsufana? Kuma ke kin ji sanyin garin nan kuwa?"

To, kun ji. Ya sa. Sai da aminin nasa ya ba shi aron farin bargonsu sannan na samu kayana.

Wurin horon tsohon ɗakin ajiyar hatsi ne, babba, tattabaru sun yi gida a jikin rufinsa. Tigist ta kai ni gaban malaminta, wani ɗan tsoho da bai kai kafaɗata ba. Ta ce sunansa Masta Girma. Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce da Hausa, "Wannan ne Girman? To ina sauransa?" Na taka masa ƙafa.

Aka jera mu, maza da mata, manya da ƙanana. Aka fara. Ƙafata ba ta ba ni kunya ba, hannuna ma haka, na ga Masta yana gyaɗa kai. Sai aka zo bugun ƙarshe. Ɗakin nan gaba ɗaya ya ɗauki tsawa har ƙura ta zubo daga rufi, ni kuma a tsakiyarsu, bayan kowa ya yi shiru, aka ji "tss". Kamar an ɗiga ruwa a kasko. Dariya ta ɓarke.

Masta ya zo ya tsaya a gabana, Tigist na fassara. "Ina muryarki?"

Ni ake tambaya ina muryata? Ni Makarafon? Na ce a ba ni wuri. Na tuno matar nan da ta taɓa cewa gyaɗata ta yi fumfuna, na cika ƙirji, na kai bugu na saki irin wadda kuka sani: "Keee!" Waɗanda ke kusa da ni suka yi tsalle. Shi ko ƙifta ido bai yi ba. Ya sa yatsa ɗaya ya tura kafaɗata, na yi taga-taga na kusa zama a ƙasa.

Ya ce, "Wannan faɗa ne. Daga maƙogwaro ya fito. Kafaɗunki sun hau kunne, numfashinki ya ƙare kafin hannunki ya isa. Ki nemo mini wadda ba fushi a cikinta. In babu, babu ɗamara."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. In na cire fushin, "tss" ke fitowa. In na cire "tss", fushin ke dawowa. Na yi ta gwadawa a bayan gida har muryar ta dushe, karen maƙwabta ya daina zuwa wajen. Na roƙi Tigist ta je ta gaya wa Masta cewa a garinmu ko na iya tsawar ba inda zan yi ta, ya yi mini rangwame. Ta je ta dawo ta ce, "Ya ce mace in an riƙe mata hannu a tasha, abu na farko da za ta yi shi ne a ji ta. Bugun na biyu ne. Wadda ba ta iya na farkon ba, me za ta koya musu?"

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Na tuno mai shiru-shirun nan tamu, wadda na koya wa kauce wa mari da karya riƙo, amma ban taɓa jin muryarta ta wuce ta mai neman aron gishiri ba. Ni na koya mata "tss". Muna zaune a rana ni da Tigist muna tsince wake, na ce mata, "Ashe murya biyu kawai gare ni, ta masifa da ta ɓuya." Na yi ta laluben ranar da na ɗaga murya ba don wani ya ji zafi ba, ban samo ba. Na ji tsoro, in gaya muku gaskiya, na kuma ji tausayin kaina, abin da ban saba ba. Ita kuwa Tigist ta ce in yi haƙuri zai zo. Sunanta ma a yarensu Haƙuri yake nufi, shi ya sa take ba ni haushi.

Ranar gwaji ɗakin ya cika da jama'a. Kawu da amininsa suka zauna a gaba, naɗe cikin bargo ɗaya. Na yi jerin taku da bugu, ban yi kuskure ba. Aka haɗa ni da wata budurwa mai dogayen ƙafafu, ta ba ni ɗaya a kunne da har yanzu nake jin ƙararsa, ni kuma na ba ta ɗaya a ciki da ita ma ba za ta manta da Gadarif ba. Sai aka kawo katako. Maza biyu suka riƙe shi. Tigist ta raɗa mini cewa sau biyu ake gwadawa.

Na farko, abin da ya fito daga bakina rabi "tss" ne rabi "kee", ko akuya ba za ta amsa shi ba. Hannuna ya daki katako ya dawo. Zafin ya hau har haƙorana.

Na koma na tsaya. Ɗaki ya yi tsit. Na ga fuskokin matan nan ɗaya bayan ɗaya, na ga kaina ina tsaye a tsakar gida ina ce musu kada su dawo, na ga maigida da almakashinsa. Na ɗaga hannu, na san ba abin da zai fito.

Sai na ji Hausa ta tsaga ɗakin, muryar tsoho, irin ta da can:

"Kaltuma! Jan-baki! Sun sauka ta gabas, za su cinye mana dawa!"

Wallahi ban yi tunani ba. Ba ni na yi ba, wata yarinya ce mai tsaye a kan rumfa da majajjawa a hannu. Daga ƙasan cibiya abin ya taso, ya wuce ƙirji, ya wuce maƙogwaro ba tare da ya tsaya gaishe shi ba: "Haaa-yaa!"

Tattabarun rufin nan gaba ɗaya suka tashi fir, suka yi waje ta taga, gashinsu na zubowa a kan jama'a. Na duba, katako ya rabe biyu a hannun mazan nan. Ban ma ji lokacin da na taɓa shi ba.

Masta Girma ya tako a hankali, da gashin tattabara a kansa. Ya dube ni. Tigist ta tambaye shi da yarensu. Sai ya ja numfashi ciki, "hah!"

Kawu ya miƙe tsaye, bargo ya faɗi, ya ɗaga sanda. "Ya ce e! Ya ce e! Ba shaƙuwa ba ce!"

Da aka ɗaura mini ɗamarar na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka sosai da majina. Ba don katakon ba. Muryar nan na ɗauka ta mutu tun ranar da aka sauko da ni daga rumfa, ashe tana nan tana jira. Ba ta jin haushin kowa, abincin gida kawai take tsaro. Masta ya tambayi abin da tsohon ya faɗa, aka fassara masa, ya ce shi a shekarunsa na koyarwa bai taɓa ba korar tsuntsu ɗamara ba sai yau.

Dawowa ba ta da labari sosai. Mun sayi zumar, mun kama mota a kan agogonsu, mun sauko daga duwatsu Kawu na karanta surorinsa daga ƙarshe zuwa farko. A Gallabat muka sake samun saurayin nan mai ladabi. Ya zaro wandon ya gane shi, sai ya zaro baƙar ɗamarar yana juya ta. Kawu ya ce, "Mazagi na sayo masa, ɗana, faɗuwa yake yi." Yaron ya sake yi masa addu'a.

Maigida ya yi asarar rigunan matashinsa, ya ce dama yadin ya yi kauri. Amma ga matsala: katangarmu har yanzu ta zana ce, maƙwabcinmu har yanzu yana da kunne. Ina zan koya wa mata tsawa? Ina ta saƙe-saƙe sai ga saƙon Kawu daga Ƙala'at an-Nahal, wai dawarsa ba a girbe ba tukuna, jan-baki sun dame shi, yaran yanzu ba su da murya, ko na san wasu mata masu neman lada?

Shi ya sa kuke ganin ranar Juma'a rumfata a rufe. Mukan cika bayan mota da mayafanmu mu tafi gona. Babu dokar da ta hana mace korar tsuntsu. Mukan jeru a bakin dawa, ƙafa a buɗe, numfashi a ciki, mu saki. Manoman gefe har aikowa suke yi a ba su aronmu. Mai shiru-shirun nan, ranar da tata ta fito, garken tsuntsu guda ya tashi, ta toshe baki da hannu biyu tana waige-waige, sannan ta fashe da dariya ta ce a bar ta ta ƙara ɗaya.

Amma ranar farko da muka je, kafin a fara, na tsaya ni kaɗai a gindin rumfar. Tana nan a inda take, an dai canza mata itace. Kawu ya jawo tsani ya jingina.

Na ce, "Kawu, ku fa kuka ce budurwa ba ta ihu a daji."

Bai dube ni ba. Ya dafe tsanin da hannu biyu, ya ce, "Ke budurwa ce yanzu? Hau mana, suna cinye mini dawa."

Na tattare mayafina na hau.